Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin: wutar furosesa da RAM a kwamfutar da aka haɗa karon farko

Matashin da ke zaune a Babban Giji ko Gyaɗi-Gyaɗi ba ya buƙatar doguwar tafiya kafin ya tara kayan kwamfutar tebur. Kasuwar Farm Centre tana nan kusa a Tarauni, ga kuma shagunan titin Beirut a cikin gari. Sai dai sau da yawa, bayan an kashe kuɗin da aka daɗe ana tarawa, an ɗaura komai, sai a danna maɓalli, fanka ta juya, allo kuwa ko ɗigo. Nan take zargi ke komawa kan mai shago. Amma a mafi yawan lokuta kayan lafiyarsu ƙalau, kuskuren yana wuri biyu ne: wayar wutar furosesa da zaman RAM.

Wayar da ake mantawa

Madabod tana karɓar wuta ta hanyoyi biyu. Akwai babbar waya mai haƙori 24 da ke shiga gefen dama, wadda kowa ke gani. Akwai kuma ƙarama mai haƙori 8, a wasu tsofaffin madabod haƙori 4, da ke shiga can sama ta hagu, kusa da furosesa. Ita ce ke kai wa furosesa wuta mai ƙarfin volt 12. Idan ba a sa ta ba, fanka da fitilu za su iya tashi, amma furosesa ba zai yi aiki ba.

A nan akwai tarko. Akwatin wuta yana da wata waya mai haƙori 8 ta katin hoto. Bambancinsu shi ne ta furosesa tana rabuwa 4 da 4, galibi an rubuta mata CPU, ta katin hoto kuwa tana rabuwa 6 da 2, an rubuta mata PCIe. Tsarin wutar cikinsu ba ɗaya ba ne, don haka idan waya ta ƙi shiga cikin sauƙi, kada a tura ta da ƙarfi. Wanda ya sayi akwatin wuta na hannu mai cire wayoyi kuma, kada ya ari waya daga wani akwatin, domin kamfanoni ba su jera haƙoran ɓangaren akwati iri ɗaya, kuskure a nan yana iya ƙona kaya.

Zaman RAM

Da farko a tabbatar da nau'i. DDR4 da DDR5 duk haƙori 288 gare su, amma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. Madabod ta AMD mai gurbin AM4 DDR4 take ɗauka, AM5 kuwa DDR5 kaɗai. Madabod ta Intel mai LGA1700 tana zuwa da ɗaya daga cikin biyun, sai a duba kwalinta.

RAM yana son a danna shi sosai, gefe biyu, har maƙallan su rufe da ƙara. Mai haɗin farko yakan ji tsoron karya shi, sai ya bar shi rabi a waje. A madabod mai gurbi 4, idan sanda 2 ce, yawanci ana sa su a gurbi na 2 da na 4 daga furosesa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2.

Tsarin bincike

A kashe wuta, a zare waya daga bango, a taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa kaya, musamman a hunturu da iska ke bushewa, jiki ke tara lantarki. A sake danna wayoyin nan biyu. A bar sandar RAM ɗaya kawai a A2, a kunna. Idan ba ta tashi ba, a gwada ɗayar. Idan har yanzu shiru, a cire ƙaramin batirin madabod, CR2032, na mintuna kaɗan, don BIOS ya koma yadda ya zo.

Madabod da yawa suna da ƙananan fitilu 4: CPU, DRAM, VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda aka maƙale. A lura cewa DDR5 yakan ɗauki mintuna a kunnawar farko yana daidaita kansa, don haka a yi haƙuri kafin a kashe. Idan wutar gida ba ta da tabbas, a yi wannan gwajin da UPS.

Idan kwamfuta ta tashi amma BIOS ya nuna 8GB maimakon 16GB, a sake zaunar da sandar da ta ɓace. Idan gurbi guda ne kullum ke ƙin aiki, a sassauta kusoshin fankar furosesa kaɗan, a kuma duba ko wani haƙori ya lanƙwashe a gurbin furosesa. Sai an bi waɗannan matakai ne ya dace a koma shago, da rasit a hannu da bayanin ainihin abin da ya ƙi aiki.