Maganin da aka yi wa tunkiya: ina yake bi, yaushe yake fita?

Iyaye mata da wakilan al'umma, nono da naman tumaki abinci ne mai gina jikin yaro. Amma dabbar da aka yi wa maganin kashe ƙwayoyin cuta, kamar oksitetrasiklin ko fenisilin, tana riƙe da shi a jikinta har bayan ta miƙe.

Yadda magani ke shiga jiki

Idan an yi allura cikin tsoka, jini ne ke ɗibar maganin yana kai shi ko'ina: huhu, hanta, ƙoda da hantsa. Allurar oksitetrasiklin mai dogon aiki takan yi kusan kwana 3 tana aiki, ragowarta kuma ta daɗe a wurin da aka soka. Wanda aka ɗura ta baki cikin tumbi yake sauka, inda yake kashe ƙananan halittun da ke narkar da ciyawa, har dabba ta rage cin abinci.

Yadda yake fita

Ƙoda na tace shi zuwa fitsari, hanta na tura wani sashe zuwa kashi, wani kuma ya biyo nono. Dabbar da ta rame ko ta rasa ruwa ta fi jinkirin fitar da shi. Launin nono ba ya nuna komi, kuma tafasawa ba ta kawar da maganin duka.

Haɗari ga yaro

Ragowar magani na koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Yaron da tamowa mai tsanani ta kama, amoksisilin ake ba shi a asibiti. In ƙwayoyin cutar jikinsa sun saba da irinsa, aikinsa ya ragu. Ragowar fenisilin kuma na iya tayar da ƙaiƙayi da kumburi ga wanda jikinsa ba ya karɓar ta.

Abin da za a kiyaye

1. Likitan dabbobi ne zai zaɓi magani da awonsa. Kada a ba dabba ƙwayoyin mutane.
2. A tambaye shi lokacin jira, wanda aka rubuta a jikin kwalba: na nono yawanci kwanaki ne, na nama makonni.
3. A ɗaura wa dabbar ƙyalle a wuya, a riƙe ranar allurar ƙarshe.
4. Kafin wa'adi ya cika, kada a sha nononta, kada a dama fura da shi, kada a sayar.
5. Kada a yanka ta, ko da ragon suna ne ko na layya.

Akuya da saniya ma haka ne. Jariri kuwa, nonon uwa kaɗai har wata 6.