Canza faifan ajiyar kwamfuta ba tare da asarar bayanai ba

Tambaya: Kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta cika, ga nauyi wajen tashi. Ina so in canza faifan ajiyarta, amma ina tsoron rasa takarduna. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, sayi SSD. Tsohon faifai irin HDD juyawa yake yi, allura na bin sa, shi ya sa yake jan ƙafa. SSD kuwa ba abin da ke motsi a cikinsa. Amma kafin ka fitar da kuɗi, a buɗe a duba gurbin da kwamfutar ke da shi: ko SATA mai inci 2.5, ko M.2 ɗan siriri. Wasu ma faifan a liƙe yake da allon ciki, ba ya ciruwa.

Fara kwafe muhimman takardu da hotuna zuwa wani faifai daban. Sannan ka haɗa sabon SSD ɗin ta kebul ɗin USB, ka kwafi tsohon ɗungurungum, har da Windows, da manhaja irin Clonezilla, wadda kyauta ce. Ka lura sosai wajen zaɓen faifan da za a kwafa da wanda za a zuba wa, domin in ka juya su, komai ya shafe. In BitLocker, makullin faifai na Windows, na kunne, ajiye lambar buɗe shi tukuna. Batiri ya kasance a cike, kada ɗaukewar wuta ta katse aikin.

In an gama, a sa sabon a cikin kwamfutar. Tsohon kuma kada ka goge shi sai sabon ya yi mako yana aiki lafiya. Daga nan ka saya masa gida mai USB, ya zama ma'ajiyar waje.