Ba Kowane Ƙarin Ƙashi Ne Ciwon Daji Ba

Aikina karanta hoton ƙashi a asibiti. Kwanakin baya aka kawo mini wata matashiya 'yar shekara 26, gwiwarta ta kumbura ta kai ƙaramar ƙwarya, fatar duk tabon tsagar wanzami. Shekara biyu ana shafe-shafe ana ɗaurewa. Mahaifiyarta ta dube ni ido ya ciko, ta ce, "Likita, yanke ƙafar za a yi ko?" Na ce, "Mama, bari mu ji ta bakin hoto."

Wannan tsoron yankewar shi ke zaunar da mutane a gida har abu ya gagara. Alhali girman ƙari ba shi ke nuna muguntarsa ba. Abin da muke dubawa a hoton eksire shi ne bakinsa. Ƙari mai sauƙi yakan zauna da iyaka a fili, ya tura ƙashi ya kumbura a hankali, cikinsa kamar kumfar sabulu. Na daji kuwa cin ƙashi yake kamar gara ta shiga azara, ba ka gane inda ya tsaya.

Nata ya fito a ƙarshen ƙashin cinya, dab da gaɓa. Irinsa ya fi kama 'yan shekara 20 zuwa 40, kuma kusan rabinsa a gwiwa yake fitowa. Hoton CT ya nuna ɓawon ƙashin ya sirance kamar na ƙwai. MRI ya nuna bai kama jijiyoyin bayan gwiwa ba. Duk da haka sai da aka ɗebi ɗan yanki aka duba a ɗakin gwaji, domin hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Da gwajin ya nuna ba na daji ba ne, likitocin ƙashi suka kankare ƙarin, suka cike ramin da simintin ƙashi. Da ƙafarta ta koma gida. Za ta riƙa zuwa hoto, don irin wannan ƙarin yakan dawo.

Da ta ƙara jinkiri, ƙashin karyewa zai yi, aikin ya ninka.

'Yan uwa, kumburi mai tauri a ƙashi, ko ciwon da ke hana barci, ko karaya daga ɗan tuntuɓe, a yi hoto kafin a kai wa mai ɗori. Kada a tsaga, kada a yi ƙaho. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, akwai asibitocin koyarwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.