Ƙaddara Ce, Ko Gargaɗi?

Kwanan baya wani ɗan'uwa a Hotoro ya koma shan giya. Da na yi masa magana, ya ce, "Fasto, ƙaddara ta riga fata." Bari mu auna wannan magana.

Helenawan dā sun gaskata haka. Wajen shekara 430 kafin haihuwar Almasihu, Sofokilis na Atina ya rubuta wasan Sarki Odifus. A ɗakin tsafi na Delfi aka gaya wa Odifus zai kashe ubansa, ya auri uwarsa. Ya gudu daga Korinti domin ya tsira, bai sani ba waɗanda suka goye shi ba su ne suka haife shi ba. A hanya ya yi faɗa da wani dattijo, ya kashe shi. Ya sarauci Tebis, ya auri matar sarkin da ya mutu. Sa'ad da gaskiya ta fito, ya makantar da kansa. Gudunsa ne ya kai shi.

Mu ma a Kano mun san faɗuwar jarumi. Sarki Alu ya ci Yaƙin Basasa, ya hau gado a 1894. Yana wajen Sakkwato Turawa suka ci Kano, ran 3 ga Fabrairu 1903. Aka kama shi, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Hakika akwai abin da ya fi ƙarfin mutum, ko da sarki ne.

Amma zunubi ba ya cikinsu. Ku karanta Yunana sura 3. An yi wa Nineba shelar hallaka cikin kwana 40. Sarkinta ya sauka daga gadonsa, ya sa tsummoki, jama'a duka suka tuba, Allah kuwa ya janye hukuncin. Maganar Delfi ba ta da ƙofar fita. Gargaɗin Allah kuwa shi kansa ƙofa ne, gama da ya so hallakarsu da bai aiko annabi ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu rarrabe. Asarar da ta zo ba da hannunmu ba, mu ɗauke ta da haƙuri, gama Ubanmu yana mulki. Zunubin da muka zaɓa kuwa, kada mu sa masa suna ƙaddara. Mu kawo shi gaban Yesu Almasihu tun ƙofa tana buɗe.

Tambaya: wane abu ne kake kira ƙaddara, alhali kuwa tuba yake bukata?