Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Kirista Ke Kiran Zunubi Bauta?

Wani mai sauraronmu daga Kafanchan ya tambaya: tunda mutum da kansa yake zaɓar laifi, ina bautar take?

To, malam, ka dubi mashayin da ya rantse da safe ya daina, kafin magariba sai ga shi a gidan burkutu da ƙwarya a hannu. Irin wannan hali Manzo Bulus ya bayyana a sura ta 7 ta wasiƙarsa ga Romawa: mutum yana son nagarta, amma abin da ya tsana shi yake aikatawa.

Wannan hali shi Kirista ke kira bauta, kuma sun gaskata cewa bawa ba ya 'yanta kansa. Kamar yadda Allah ya fitar da Isra'ilawa daga hannun Fir'auna, haka mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye ta zama fansa.

An sha gardama kan ko mutum zai iya 'yanta kansa. Wani malami, Pelajiyas, ya ce ƙoƙarin mutum zai iya kai shi ga nagarta. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya ce sam, sai da alherin Allah. Taron shugabannin coci da aka yi a Kartaj a shekarar 418 ya goyi bayan Agustin.