Yadda Mai Zazzagowar Mahaifa Za Ta Yi Yoga Ba Tare da Ta Cutu Ba

Matan Illela ba sa kiran sunan ciwon. Sai dai ki ji mace ta ce ƙasa na mata nauyi, musamman da yamma bayan ta wuni a tsaye. Naman da ke riƙe da mahaifa da mafitsara ne ya saki, galibi saboda yawan haihuwa, doguwar naƙuda, daɗaɗɗen tari ko ɗaukar kaya masu nauyi. Yoga na iya taimakawa. Daga Indiya ta zo, amma abin da za mu ɗauka a cikinta motsa jiki ne da sarrafa numfashi kawai.

Kafin komai, 'yar'uwa, je babban asibitin Illela a duba ki, a san iya inda abin ya sauko. Idan nama ya leƙo waje, ko yana jini, ko fitsari na ƙin fita, wannan aikin likita ne. Ana iya tura ki Sakkwato, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a sa miki zoben roba mai tallafe mahaifa ko a yi tiyata.

In an ba ki izini, fara kama ruwa, ki shimfiɗa tabarma, ki kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, matashi ƙarƙashin ƙugu. Matashin nan yana da amfani ƙwarai, domin idan ƙugu ya ɗaga, kayan ciki sukan koma mazauninsu da kansu. Ja numfashi ta hanci, ki bar ciki ya tashi. Wajen fitar da shi ne za ki matse ƙasanki kamar mai riƙe tusa a cikin taro, ki ja sama a hankali, ki ƙirga 5, ki saki gaba ɗaya. Sakin ma aiki ne, kada ki yi masa gaggawa. Sau 10 ya isa, safe, rana da dare. Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana wannan matsi a 1948. Kada ki gwada shi kina cikin yin fitsari.

Daga nan sai motsin da ake kira gada: tafin ƙafa a ƙasa, ɗaga ƙugu kina fitar da numfashi, sauko kina jan shi. Bayan haka matsa jikin bango ki jingina ƙafafu sama na minti 5. Idan za ki tashi, mirgina ta gefe ki dafa ƙasa.

Abin da na fi jin tsoro shi ne riƙe numfashi. Duk motsin da ya sa ki nishi, ko tsalle, ko tsugunno mai zurfi, ko ɗago kai da ƙafafu tare daga kwance, tura mahaifa ƙasa yake yi. Bar shi, ko da kin ga ana yi a bidiyon waya. Da kin ji nauyi ya ƙaru, tsaya.

Kuma aikin tabarma ba zai yi tasiri ba muddin jarka mai lita 25 na kanki kullum, domin kilo 25 ke nan. Raba ruwan biyu, ko yara su taya ki. Sha ruwa sosai, ci zogale da kuka, don kada bayan gida ya yi tauri ki riƙa yunƙuri. Ki ba jikinki wata 3 zuwa 4 kina yi kullum, sannan ki koma asibiti a sake dubawa.