DARASI: ƊAUKAR KAYA MASU NAUYI BA TARE DA JIN CIWO BA

'Yan'uwa manoma, bayan girbi samarinmu da yawa sukan tafi cin rani. Waɗansu su sami aikin lebura a masana'antun Bompai ko Sharaɗa a Kano, waɗansu a injin casar shinkafa, waɗansu kuwa su yi dako a kasuwar Dawanau. Mu da muke gida ma muna da lodin taki da hatsi a siton ƙungiya. In mutum ya ɓata bayansa da rani, wa zai yi masa huɗa da damina?

Yadda baya yake

Ƙashin baya ƙananan ƙasusuwa ne a jere. Guda 5 na wajen ƙugu su suke shan yawancin nauyi. Tsakanin kowane biyu akwai guringuntsi mai taushi kamar gammo. In ka sunkuya ka ɗaga buhu nesa da jikinka, nauyin da ke kan gammon nan yakan ninka. Ka gwada da bokitin ruwa: riƙe shi kusa da ciki, sa'an nan ka miƙa hannu da shi, za ka ji bambanci. Gammon yana iya fitowa ya danne jijiya, zafi ya sauka har ƙafa. Yawan yunƙuri kuma yakan sa ƙaba ta fito.

Nawa ne ya yi yawa?

A 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara kada namiji babba ya ɗauki fiye da kilo 55 shi kaɗai. A 1991 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa kilo 23, ko da kayan na kusa da jiki. To, buhun taki kilo 50 ne, babban buhun masara kuwa yakan kai 100. Ashe iya ɗagawa kaɗai bai isa ba. Babban magani shi ne a rage nauyin.

In za ka ɗaga

1. Ka fara jijjiga kayan ka ji nauyinsa. Ka duba hanya, ko akwai santsi ko tuntuɓe.
2. Ka buɗe ƙafa, ka lanƙwasa gwiwa, ka jawo kayan jikinka.
3. Ka tashi a hankali, ban da fizga.
4. In za ka juya, ka juya da ƙafa. Kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu.
5. In ku biyu ne, ɗaya ya ba da murya ku ɗaga tare.

Abin da ƙungiya za ta yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku tsai da doka cewa buhu mai kilo 50 sai mutum biyu. Ku zuba hatsi a ƙananan buhuna. Ku sayi baro ko amalanke daga asusun ƙungiya. Kada tarin buhuna ya wuce kafaɗa. A riƙa hutawa, gama gajiyayye shi ya fi jin ciwo. Kada a bar yara da mata masu ciki su yi lodi. A hana samari gasar ƙarfi.

In ciwo ya samu

Yawancin ciwon baya yakan lafa cikin 'yan makonni, musamman in mutum yana ɗan tafiya maimakon kwanciya kullum. Amma in ƙafa ta mutu, ko tsakanin cinyoyi ya daina ji, ko mutum ya kasa yin fitsari ko riƙe shi, a kai shi asibiti ran nan. Haka ma ƙabar da ta taurare tana zafi da amai.

Tambayoyi don taronku

1. Mutum nawa a ƙauyenku ciwon baya ya hana noma bara?
2. Buhu nawa za ku sayar ku sami kuɗin baro ɗaya?
3. Wace doka za ku kafa kafin taki ya iso bana?